Kekunan Coci da Lungun Malam Habu

Cikin duk ranakun da na yi a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka raba kekunan guragu a harabar ofis. Ku da kuka shigo aikin daga baya labarin taron kawai kuka ji, da shinkafar da aka ci.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wani coci a Turai da mabiyansa ke haɗa taimako duk shekara saboda aikin da suke yi a ƙasashen waje. Ba sa zuwa kai tsaye, sai sun sami cocin gida sun haɗa hannu da shi. Nasu abokin yana Sabon Gari, shugabansa Fasto Bulus. Shi kuma ya san in ya kwaso kaya ya shigo cikin ganuwar Zariya da kansa, kafin la'asar an ce ya zo raba addini. Sai ya biyo ta ofishinmu, tunda mu ne 'yan gari.

A lokacin ni ne jami'in da ke kula da unguwannin Kusfa da Kwarbai. Cikin mutanena akwai Malam Habu, maɗinkin babbar riga, wanda hatsarin mota ya kashe wa ƙafafu. Hannuwansa lafiya lau. Yana da rumfa a Ƙofar Doka, mai wurin ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce in Babbar Sallah ta wuce bai dawo ba zai ba wani. Buƙatarsa ɗaya ce: abin da zai kai shi rumfa ya dawo da shi ba tare da ya roƙi kowa ba.

Fasto ya zo da zaɓi biyu. Ko a turo kekunan asibiti daga can, irin waɗanda ake tura mutum, ko a ba masu walda na nan su ƙera mai ƙafa uku da mutum ke tuƙawa da hannu. Daraktanmu, wanda rabonsa da taka lungu tun yana makarantar allo, ko tunani bai tsaya yi ba.

"Na Turai za a kawo," in ji shi. "Ciyaman zai zo, 'yan jarida za su zo. So kake a jera musu ƙarafan 'yan walda?"

Fasto ya ce, "Yallaɓai, ku kuka san unguwanninku." Maganar ta mutu a nan.

Kekunan suka iso ana saura 'yan makonni Sallah, sai ƙyalli suke yi, tare da wata dattijuwa daga cocin na Turai mai suna Mama Rut. A yi mata adalci, ba yawon buɗe ido ta zo ba. Ranar rabon, ta riƙa durƙusawa gaban kowane mutum, Fasto yana fassara. Ta ce akwai sauran kuɗin da suka tanada, duk wanda keken bai yi masa ba ya faɗa, a ƙera masa wani kafin ta tafi.

Da aka zo kan Malam Habu, ya sunkuya ya shafa 'yan ƙananan tayoyin gaba, waɗanda ba su fi faɗin murfin kwano ba. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri." Ta sake tambaya. Ya ce, "Ya yi, Mama. Ya yi ƙwarai."

Bazazzagen cikin gari ba ya kushe kyauta a gaban mai ita, balle baƙuwa, balle mai furfura da ta ƙetaro teku. Kowa a harabar nan ya san haka, ban da ita. Fasto ya sani, amma shi ma baƙo ne a wurin, sai ya koma kallon takalminsa. Na matsa kusa da Darakta na raɗa masa cewa wannan fa kara ce kawai, lungun mutumin rairayi ne da kwata.

Bai ko juyo ba. "Malam Isa, kada ka kunyata mu gaban baƙi. Mai abu ya ce ya yi, kai wa?" Ya gyara zaman hularsa, mai hoto yana tahowa.

Washegari na je Kusfa. Tun a bakin zaure tayoyin suka nutse. Malam Habu ya yunƙura da ƙarfin hannu, keken ya karkace ya zubar da shi a kwata, da sababbin kayansa. Maƙwabta suka riƙa tura shi na 'yan kwanaki, amma kowa yana da nasa neman abincin, maiɗakinsa kuma ba za ta fito titi tana tura miji ba.

Na koma wa Darakta, ya ce an rufe fayil. Na je Sabon Gari, Fasto ya ce Mama Rut ta riga ta mayar da ragowar ga wani aiki a wata ƙasa, tunda Zariya kowa ya gamsu. Bayan Sallah aka ba wani rumfar. Shekara na zagayowa cocin ya sake turo irin kekunan, har da ƙari, saboda sun ji daɗin yadda muka ji daɗi. Darakta kuwa ya sami lambar yabo. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, godiyar mutumin garin nan ba shaida ba ce. In ya ce ya yi, ku bi shi har ƙofar gidansa ku gani. Malam Habu da bai kushe ba, tarbiyyar gidansu ya nuna. Mu kuwa an ɗauke mu aiki ne don mu faɗi abin da shi ba zai iya faɗa ba, muka tsaya muna gyara hula.