Littafin da Ustaz Zannun Kaɗai Ya Karanta

Ustaz Zannun malamin tarihi ne a makarantar sakandaren da nake koyar da lissafi a Mosul. Mu Abu Lais muke ce masa, da sunan babban ɗansa, shi kuma ya ce mini Abu Rand. Dogo ne siriri, ba ya kurɓar shayi sai ya ce ba a dafa shi daidai ba.

A wani ƙaramin masallaci na tsohon gari akwai ɗaki cike da akwatunan littattafan hannu, ladan ne ke riƙe da makullinsa. Nan Abu Lais ya tarar da wani littafi marar bango. Wani limami ne ya rubuta abin da ya gani da idonsa: shekarar da kogin Dijla ya yi ambaliya, unguwar da annoba ta fara shiga, sunayen marina da masaƙan da suka mutu. Shafin farko ya yage, don haka babu sunan limamin, babu shekara. Daga sunayen gwamnonin da ke ciki ya gane littafin ya kai shekara ɗari biyu. Ladan ya hana ɗaukar hoto, ya ce amana ce aka bar masa. Shekara tara Abu Lais yana zuwa duk Alhamis bayan la'asar yana kwafa da hannu, har ya cika littattafan rubutu goma sha huɗu.

Sai yaƙi ya zo. Masallacin ya rushe, akwatunan suka ƙone, ladan ya rasu a hanyar gudu. Littattafan rubutun sun tsira ne saboda matarsa Umm Lais ta naɗe su cikin bargo ranar da suka bar gida.

Bayan mun dawo ya yi ritaya, ya zauna ya rubuta maƙala mai shafi arba'in a kan annobar. Ni na buga masa, don shi da kwamfuta ba sa ga maciji. Madogararsa a ƙasan shafi ya sa, yadda aka koya masa tun yana ɗalibi: sunan masallaci, lambar akwati, lambar takarda, gaba ko baya.

Mujallar farko ta dawo da ita. Suka ce su ba sa amfani da ƙasan shafi, sunan marubuci da shekara ake sawa cikin baka biyu a tsakiyar rubutu.

"Abu Rand, wane suna zan sa?" ya tambaye ni. "Wace shekara?"

"Ka sa ba suna, ba shekara. Haka ƙa'idarsu ta ce."

"Sau ɗari da goma sha biyu? Ai sai a ce jita-jitar kasuwa na kwaso."

"To sa naka sunan mana. Kai ma ai ka kusa ɗari biyun."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Allah ya shirye ka, ɗan lissafi. Buga."

Sati uku muka yi muna gyara. Bayan wata biyar suka ce ba fanninsu ba ne. Mujalla ta biyu lambobi take so a jere, sannan jerin manazarta a ƙarshe. Ta uku ta yarda da ƙasan shafi, amma duk inda muka sa aya waƙafi take so. Haka muka ci shekara biyu, babu wanda ya ce ko kalma ɗaya a kan annobar.

Ta ukun ce ta kai maƙalar wurin mai tantancewa. Amsarsa layi huɗu ce. Ya ce aikin yana da kyau, amma duk ya dogara ne kan littafin da ba za a iya dubawa ba. A kawo hoton littafin, ko lambarsa a wani kundi, ko wani mai bincike da ya taɓa ambatarsa.

Na raka shi wurin Dakta Naufal, tsohon ɗalibinsa da yanzu ke koyarwa a jami'a. Naufal ya miƙe ya sumbaci kansa, ya aika aka kawo shayi, ya karanta takardar sau biyu.

"Ustaz, wallahi ni ba na shakkarka. Kai ka koya mini riƙon alƙalami. Amma duba: ba suna, ba shekara, ba hoto, kuma ya ƙone."

"To ƙarya na yi ke nan?"

"Subhanallahi, ban ce ba. Amma wanda zai yi ƙarya ma abin da zai faɗa ke nan."

Abu Lais ya ajiye kofinsa bai sha ba.

Naufal ya ba da shawara a fara buga kwafin a matsayin littafi, sannan maƙalar ta dogara da shi. Masu buga littattafan tarihi suka ce sai da hoton asali. Muka nemi ɗan ladan a Jamus ta waya. Ya ce yana tuna akwatunan, amma bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Daga ƙarshe Naufal ya ce a cire duk abin da ya fito daga littafin limamin. Muka cire, shafi shida suka rage, duk abin da kowa ya sani. Abu Lais ya ce kada in aika.

A bazarar bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Lais ya ce zai tafi da shi Erbil inda yake aiki, ya kawo mini littattafan goma sha huɗu a leda, ya ce gidansa ba wuri.

Ban taɓa buɗe su ba sai ranar. Ashe saboda sauri Abu Lais ya ƙirƙiri nasa gajerun alamomi, rabin kalmomin harafi biyu ne da ɗigo. Kafin su tafi na ɗauki na farko na je na zauna a bakin gadonsa, da niyyar ya riƙa faɗa ina rubutawa. Layi uku muka yi da ƙyar. A na huɗu na nuna masa wata alama.

"Wannan fa, Abu Lais?"

Ya daɗe yana kallonta. Ya kai yatsan hagu ya taɓa.

"Ban sani ba," ya ce. Ya juya fuskarsa ga bango.

Sun tafi ranar Asabar. Sau biyu na kira, Lais ya ce barci yake.