Yadda Kara Ta Kusa Cinye Mini Fuska

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a karatun malanta, aka tura ni koyarwar gwaji wata makarantar 'yan mata a Muchia. Wata uku ne. Kullum da safe in fito daga gidanmu a Samaru, in shiga bas ɗin Sabon Gari a matse ni tsakanin masu kwandon tumatir da ɗalibai masu haddar jarrabawa, in sauka in ƙarasa da ƙafa. A ƙarshen wata ukun wani malami zai zo daga makarantarmu, ya zauna a bayan aji da takarda, ya kalle ni ina koyarwa na minti arba'in. Wadda ya zo bai same ta a gaban allo ba, sai baɗi. Malamin da aka ba mu kuwa an san shi: ba ya jin "ba ni da lafiya" sai in an kawo masa makara ya leƙa.

Ni kuma Allah ya yi ni da busasshiyar fata. Ba zancen lokacin sanyi ba ne. Ko a tsakiyar Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni ina nan fururu kamar an zazzago ni daga buhun gari. Ga ta da saurin fushi, turare kaɗan ya taɓa wuyana sai ƙaiƙayi. Duk da haka muna lallaɓa zamanmu ni da ita, har alli ya shiga tsakani. Sati biyu da fara rubutu a allo bayan hannuna ya tsattsage, goshina da gefen hancina suka fara saɓa.

Mahaifiyata ce ta fara gani. A iliminta, duk wani fari da ya fito a jikin mutum sunansa ɗaya.

"Ke, matso nan. Dauɗa ce wannan. Ku 'yan boko wankan tsuntsu kuke yi, ku watsa ruwa ku fito. So kike a ce 'yata tana koya wa 'ya'yan mutane tsafta ita ba ta cuɗa?"

Washegari ta sayo sabon soso mai kaushi da curin sabulun salo. Ta kuma ɗora wa kanta aikin dafa mini ruwa safe da yamma, ruwan da in aka tsoma kaza a ciki ba sai an sha wahalar figa ba.

Ƙawata, wadda muke koyarwar gwajin tare, ta dube ni ta ce, "Haba, wannan ai small case ne. Akwai wata mata a kasuwar Sabon Gari, hannunta kamar magic." Muka je ranar Asabar. Matar tana zaune cikin rumfa, gabanta roba babba da cokali, tana matse mai kala-kala tana juyawa kamar mai dama fura. Na yi ƙarfin hali irin na wadda ta taɓa shiga ɗakin karatu na ce, "Hajiya, me da me ke ciki?"

"Sirrin sana'a ne, 'yan mata. Ke dai shafa. Kwana bakwai, mutanen gidanku sai sun yi miki sannu da zuwa, sun zaci baƙuwa ce."

Wannan alkawari kam ta cika shi, sai dai ba ta yadda take nufi ba.

Kafin sati ya zagayo goggona ta aiko da dilka da kurkum. Maƙwabciyarmu ta kawo zuma da lemun tsami ta ce in riƙa shafawa in zauna a rana. Matar yayana ta ba ni wani sabulun magani mai warin asibiti.

To, ga inda matsalar take. A wurinmu wanda ya ba ka magani ba ya ba ka ya tafi. Gobe zai tare ka a ƙofa: "Kin shafa kuwa?" In na ce a'a, na raina shi. In na ce e alhali ban shafa ba, na yi ƙarya, an kuwa yi mini tarbiyyar da ƙarya take tsaya mini a maƙogwaro. Hanya ɗaya ta rage wa mai kara: in shafa duka. Da yake ni malama ce mai jiran gado, ban yi abin da ka ba. Na ɗauko rula da jan biro na zana jadawali. Safe, soson Mama da ruwan zafi, sannan man ƙawata. Dawowa daga makaranta, zuma da lemun tsami. Yamma, sabulun matar yaya da cuɗa ta biyu. Talata da Juma'a, dilkar goggo. Na manna shi a bayan ƙofar ɗakina ina alfahari. Ban taɓa rubuta tsarin darasi mai kyansa ba, har yau.

Saura kwana goma malamin ya zo, na farka fuskata ta kumbura. Ta yi jajir, tana zafi kamar an shafa mini barkono, idanuna sun koma 'yan tsaga biyu. In na buɗe baki da yawa gefen leɓena ya tsage. Na ja hijabi har kan gira, na riƙe hankici a baki, na tafi makaranta a haka. Yaran ajin ba su yi dariya ba. Kallona kawai suke yi da tausayi, ni kuwa da sun yi dariyar da ta fi mini sauƙi. Na fara darasi, na yi jimla uku na kasa ci gaba. Nan na tabbata baɗi ta kira ni.

Uwar ajin da aka ba ni wata dattijuwa ce, Kirista Bazazzagiya, kowa Anti yake ce mata har shugabar makaranta. Ta fi shekara talatin tana riƙe alli. Ta ja ni ofishin malamai ta rufe ƙofa.

"Sauke hankicin nan in gani." Ta duba ta girgiza kai. "Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Masoyana ne, Anti."

"Su nawa?"

"Biyar."

"Da maƙiyi ɗaya kika samu da ya fi miki rangwame. Ɗauki jakarki, asibiti za ki yanzun nan. Ranar Asabar ki kwaso duk abin da kike shafawa ki same ni gida."

Likita ya ba ni maganin kumburin na 'yan kwanaki, ya ce in tsayar da komai. Yadda za a tsayar da komai a gida irin namu kuwa, wannan ba a koya masa a makaranta ba.

Gidan Anti a Hanwa yake, ƙarami, da bishiyar gwaiba a tsakar gida da kalandar coci a bango. Ta shimfiɗa tabarma na jera kayana kamar mai talla. Ta ɗauki robar matar kasuwa ta sansana, ta ture ta gefe da ƙafa. "Abin da mai shi ta ƙi faɗa miki sunansa, kada ki ba shi masauki a fuskarki." Da ta ga jadawalin sai da ta cire tabarau don dariya. Sannan ta miƙo mini hannuwanta, sumul kamar ba su san alli ba, ta ce ita ma da ƙuruciya haka nata suka yi, har jini suke yi a kan littafin yara.

Abin da ta gaya mini bai cika rabin shafi ba. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Sabulu marar ƙamshi marar launi, sau ɗaya a rana, da tafin hannu, babu soso. In na fito kada in goge jiki, in ɗan danna tawul kawai, in shafa mai tun jikin yana da laima: man kaɗanya zalla ko farin basilin. Bayan kowane darasi in wanke allin hannuna in sake shafa mai. Duk wani sabon abu, ko wa ya kawo shi, in ɗiga shi a cikin damtsena in jira kwana uku, kuma ɗaya bayan ɗaya, don in ya yi ɓarna in san wa zan kama.

"Shi ke nan, Anti?"

"Shi ke nan. Ko in zana miki layi-layi da jan biro? Saura abu ɗaya. Wa zai gaya wa Mamanki?"

Na ce ni. Ban faɗa ba. Sauran huɗun da sauƙi, na ce musu likita ne ya hana, suka tsine wa likitocin zamani suka ƙyale ni. Mahaifiyata kuwa tana zama ne a kujera 'yar tsugune kusa da bayi tana tsintar shinkafa, kunnenta yana wurin wankana. Ranar farko ta ɗaga murya: "Ban ji ƙarar soso ba!" Sai dabara ta zo mini. Na sirka ruwan a ɓoye da na randa, na yi wankana da hannu, sannan na kama soso na dirji bangon bayi da ƙarfina. "Yawwa," in ji ta daga waje, "ko ke fa."

Kwana uku ina wanke bango. Kumburi ya sauka, zafi ya ragu, Mama tana gaya wa maƙwabta sosonta ya yi aiki. A rana ta huɗu ta kira ni, ta nuna mini wani wuri a bangon, daidai tsayin kafaɗata, ya yi fes ya fita daban da sauran.

"Wannan fa? Aljanu ne suke mana aikin lada?"

Na tsuguna. Na faɗa mata komai, ni da tun da aka haife ni ban taɓa ce wa abin da ta ba ni ba na so ba.

"Wanka babu soso? Ai wannan alwala ce!"

Idona ya faɗa kan akushinta da ta gada, yana kife a kan kwando. Na ce, "Mama, akushin nan me ya sa ba kya kankare shi da ruwan zafi?"

"Ke mahaukaciya ce? Tsagewa zai yi."

"To me kike yi masa?"

"Ɗauraye shi nake yi in shafe shi da..." Ta tsaya. Ta kalle ni, ta kalli akushin. "Au. Ni za ki koya wa karatu? Tashi ki ba ni wuri."

Ba ta sake maganar ba. Amma da safe na tsoma hannu a bokiti na ji an riga an sirka ruwan, ga ɗan kwano da man kaɗanya a gefe.

Ranar da malamin ya zo fuskata tana da sauran tabo baƙi-baƙi, amma bakina yana buɗuwa, idanuna sun dawo. Na yi minti arba'in ɗina ba hankici. Ya cika shafi guda da gyara: rubutuna a allo yana gangarawa kamar zai zube ƙasa, ina yawan tambayar 'yan layin gaba. A ƙasa ya sa hannu, na ci. Fuskar da na kusa rasa shekara a kanta ko kallo ba ta ishe shi ba.

Yau na daɗe ina koyarwa, kuma abin da nake yi wa fatata bai ƙaru da ko ɗaya ba a kan na tabarmar Hanwa. Anti ta yi ritaya ta koma wurin 'ya'yanta. In na bi ta Muchia nakan rage tafiya in dubi ƙofar makarantar, in tuna lokacin da mutum biyar suka damu da goshina har suka kusa halaka shi. Yanzu fuskata lafiya lau, masu tare ni a ƙofa su tambaya ne suka yi ƙaranci, wasu sun yi nisa, goggo ta riga mu gidan gaskiya. Na koyi karɓar kyauta da hannu biyu in ce na gode, in kuma ce ba zan shafa ba, kuma zumunci bai mutu ba.

Takardar shaidata ta ce a Muchia na fara koyarwa. Ni na san a tsakar gidanmu ne, a tsugune, ɗaliba ɗaya tak. Ta gane darasin tun a tambaya ta biyu, kuma har gobe in aka yi zancen cewa take yi ita ta gano maganin.