Ranar da Yaya Isuhu Ya Saki Kifi

Shekara bakwai ke nan da muka yi wa Yaya Isuhu sutura. Mijin yayata Rabi ne, mutumin Yawuri, ɗan masunta da karatu ya kawo New York, ya ƙare a sashen ɗaukar hoton ƙashi na wani asibiti a Bronx. Mutum ne mai surutu da dariya har zuwa shekarar da Rabi ta rasu. Daga nan ya yi shiru. Daga aiki sai masallaci sai ɗaki, abincin da maƙwabta ke kawowa yana lalacewa a firji.

'Yarsu Nafisa ce ta kira ni. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ran nan da Hausa ta yi magana, shi ya sa na san abin ya kai. Ta ce, "Kawu, Baba zai bi Mama in muka zuba ido. Na yi booking, kai za ka kai shi." Ashe ta samo mai yi wa baƙi jagora su kama kifi a wani kogi da ke cikin duwatsu, arewa da birni. Ni Bakano ne, ruwan famfo kawai na sani, amma na ce to.

Mai jagorar dattijuwa ce, Baturiya mai furfura. Ta ba mu wandon roba mai zuwa har ƙirji, ta nuna mana irin fatsarsu. Ba a sa tsutsa. Ƙugiya ce ƙarama da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, sai a kaɗa doguwar igiya a iska ta sauke ta a kan ruwa a hankali. Da ta ce sunan kifin turawut, Yaya ya dube ni ya ce, "Sabi'u, ashe tarwaɗa ma ta zo Amurka ta canza suna." Rabona da jin barkwanci a bakinsa tun kafin jinyar Rabi.

Jifan ya gagare shi. Hannunsa ya saba da jefa taru, da ƙarfi yake yi, igiyar tana ta nannaɗe masa a wuya. Mutum ya haura sittin, an haife shi a bakin Neja, ga wata tana riƙe masa gwiwar hannu tana cewa ya rage ƙarfi. Na ɗauka zai yi fushi. Sai na ji yana kiranta Malama, yana neman ta sake nuna masa. Ko bayan ya yi alwala da ruwan nan mai sanyin ƙanƙara mun yi azahar a kan duwatsu, shi ya riga mu komawa ciki.

Wajen la'asar kifi ya kama. Da ya jawo shi, matar ta ce a wannan yanki na kogin doka ce a sake shi. Yaya ya ce, "A saki? A Yawuri in ka saki kifi sai a kira mai ruƙiyya." Ya yi gardama, amma ya durƙusa ya riƙe shi cikin ruwa kamar yadda ta nuna, har kifin ya dawo hayyacinsa ya sulale daga tafinsa. Ya daɗe a durƙushe.

A mota ya buɗe baki. Tun daga duwatsun har muka shigo Bronx zancen Rabi yake yi, yana cewa "yayarka" kaza, "yayarka" kaza, wani wuri ya yi dariya, wani wuri ya juya fuska ga tagar mota. Daga ƙarshe ya sa na tsaya a shagon kifi ya sayi karfasa, wai ɗan masunta ba ya shiga gida hannu rabbana.

Abin da ya yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ya sayi sandunan fatsa, ya koyi naɗa ƙwarin nan da hannunsa, sannan ya shiga bin dattawan da aka yi wa rasuwa, bayan 'yan zaman makoki sun watse. Ba ya yi musu wa'azi. Sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Alhaji, sa takalmi." A ciyawar filin shaƙatawa na Soundview yake koya musu jifa, yara suna dariyar tsofaffi masu kamun kifi inda babu ruwa. In sanyi ya wuce ya kwashe su zuwa kogi.

Nakan tambayi kaina me zai ce a yau. Zai yi murna ya ga Nafisa, da hijabinta da wandon roba, tana koya wa mata abin da ya koya mata. Amma na tabbata ba zai ji daɗin ta'aziyyarmu ta yanzu ba, da muke tura saƙon waya da hoton hannu biyu a ɗage, mu ɗauka mun sauke nauyi.

Bai bar suna a jikin wani gini ba. Abin da ya bari mutane ne, irin Alhaji Musa, Banijare mai shagon yadi a Harlem, wanda Yaya ya fito da shi daga ɗaki bayan ya rasa ɗansa. Yanzu shi ke tuƙa dattawan zuwa kogi. Kwanan baya na tambaye shi ko ya taɓa kama wani abu. Ya ce da ɗan Faransancinsa, "Jamais, ko ɗaya. Amma duk shekara sai in tsinci kaina ina jiran ƙanƙara ta narke. Da kuwa, Malam Sabi'u, ba na jiran komai."

Allah ya jiƙan Yaya Isuhu, ya haɗa shi da Rabi a gidan Aljanna.