Igiyar Jibirilla Mai Bas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayun 2024, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Jibirilla Bobbo, mai kaɗa gitar bas, wato gita mai kaurin murya, a ƙungiyarmu ta kiɗa a nan Gure. Wutar lantarki ce ta kama shi yana tsakiyar wasa a wani bikin aure. Ni Umara, mai kula da kayan sauti, ina bayansa taku uku, igiyar gitarsa na hannuna.

Jibirilla, yau kwana goma sha biyu. Ina ci, ina sallah, ina amsa gaisuwa. Har yanzu ban yi kuka ba, kuma ban san dalili ba.

Shekara goma sha ɗaya muka yi tare. Duk Gure an san ba ka iya tsayawa wuri guda in kana kiɗa. Sauran makaɗa kan zauna bisa dandamali, kai kuwa sai ka tuɓe takalmi ka sauka cikin rairayi, ka ratsa masu rawa, ka je gaban tsofaffin da ke gefe ka kaɗa musu. Igiyar da ta haɗa gitarka da amfili, wato akwatin ƙara sauti, mita goma sha biyar ce, aikina shi ne in bi ka da ita. In sakar maka in ka yi gaba, in naɗe in ka dawo, in ɗaga ta sama kada mata su taka. Kai Bafillace ne daga Kelle, ni Babarbare, saboda haka wasa ba ya ƙarewa tsakaninmu. Kakan ce wa jama'a, "Ku dubi ikon Allah, Babarbare na kiwon Bafillace."

Ba zan manta shekarar da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a Bune ba. Ba ka tambaye ni komai ba, ka kawo babur ƙofar gida ka ce in hau. Sau huɗu ka kai ni a wannan rairayin, muna faɗuwa muna tashi. Na tuna kuma yadda kake tafasa tsofaffin wayoyin gitarka a tukunyar matarka Habsu don muryarsu ta dawo, ita tana faɗa, kai kana dariya. Sababbin kuwa, da wani makaɗi daga Gamu ya zo nasa sun tsinke, cire su ka yi ka ba shi. Da ladan ya ɗaga murya kai ne farkon mai ajiye gita, ko da rawa ta kai inda ta kai.

Tun bara amfilinmu ya soma ciwo. Wani lokaci in ka taɓa wayoyin gitar sai wuta ta ɗan cije ka, ka yarfe hannu, ka ci gaba. Na buɗe shi sau biyu, na ɗaure abin da na gani, ban gano asalin ciwon ba. Wani mai gyara a Damagaram ya gaya mana cewa akwai na'ura marar igiya: ƙaramin abu a jikin gita, wani a jikin amfili, sauti ya bi iska. Ya ce da ita, ko amfilin ya yi yoyon wuta, ba ta da hanyar zuwa hannunka.

Ka ce mini, "Umara, kai ne mai kunne. Zaɓa mana, wadda ka ce ita za a ɗauka."

Alhasan mai shago a kasuwa ya kawo mana iri uku daga Kano, muka fita bayan gari muka gwada. Ta farko na ce tana shan batir, ba za ta kai ƙarshen biki ba. Gaskiya ne. Ta biyu na ce in wayoyin hannu suka yi yawa a fili sautinta na yankewa. Wannan ma gaskiya ne. Ta uku ba ta da aibi. Ka yi tafiya da ita har ka hau tudu, ka zama ɗan ƙarami a idona, bas ɗin na fitowa da kaurinsa kamar kana kusa da ni. Ina tsaye hannuna babu komai, ban san inda zan sa shi ba. Da ka dawo kana haki kana murna, sai na ce maka sautin na makara, yana zuwa bayan ganga. Ƙarya na yi, Jibirilla. Ka dube ni jim kaɗan, ka ce, "To, a mayar. Mu jira wata."

Wata bakwai muna jiran wata.

Ranar Talatar nan zafi ya yi yawa. Matan gidan biki suka yayyafa ruwa a fili don kada ƙura ta tashi, kamar yadda ake yi kullum, sai dai sun zuba da yawa. Ka sauka ba takalmi. A waƙa ta uku na ga ka tsaya cak, yatsunka sun manne da wayoyin. Mutane suka yi ta tafi, sun ɗauka wani salo ne. Igiyar da ke hannuna tana da rufin roba, ban ji komai ba. Kafin in gane in fizge ta, an makara. An ɗauke ka zuwa likita, ba ka isa da rai ba.

A zaman makoki kowa ya zo sai ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu Umara, kai ka fi kowa rashi." Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma ƙaryar tawa ce, kuma ba wanda ya san da ita.

Jiya na kasa daurewa. Na je gidanka, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da Habsu ke takaba, na gaya mata duka daga bayan labule. Na jira ta tsine mini.

Ba ta tsine ba. Sai ta ambace ka da sunan 'yarku, ta ce, "Malam Umara, ai Baban Dija ya sani. Ranar da kuka dawo daga gwajin ya ce mini, ta ukun lafiyarta lau. Na ce to don me ba ku ɗauka ba? Ya ce, Babarbaren nan tsoro yake in tafi in bar shi. A ƙyale shi har ya shirya."

Na ce mata to. Na sa takalmina, na dawo gida, na zauna. Har yanzu a zaune nake.

Ya Allah Ka jiƙan Jibirilla, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Inna Yabawa, da matarsa Habsu, da 'yarsa Dija, da dukkan danginsa na Kelle. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan, in ya gama yi masa addu'a, ya roƙa mini gafara.