Akwatin da Anka Kawo Daga Mali

Ajidan Asumana, wani babban soja, ya yi mani ƙarya a kan gawar ƙanena, a bakin kabari, gaban liman da mutanen gari, kuma ya sa ni ma na yi ma uwata ƙarya. Abin da zan hwaɗa maku wallahi ya hwaru da ni, wanda ya so ya yarda, wanda bai so ba ruwanshi. Ni ba mai ilimi ba ne, aji huɗu na yi a lakkol anka kore ni, kuma benci guda munka zauna da shi Asumanan nan kahin ya shiga soja ya hwara kallonmu kamar tumaki.

Ƙanena Salisu soja ne. Shekarun baya gwamnati ta ƙulla ƙawance da wasu ƙasashe, anka ce za a tura yaranmu Mali su tsare zaman lahiya. A rediyo munka ji. Ba wanda ya zo ƙauyenmu nan kusa da Tamaske ya tambaye mu ko lahiyar wa za a tsare. Salisu ya zo bankwana shina ta dariya, ya ce mani wata shida ne, in aje mashi irin albasa. Wata na biyar anka kawo akwati.

Akwatin ƙarhe ne, an like shi ko'ina, an lulluɓe da tuta. Asumana ne ya rako shi cikin kamiyo, babbar motar soja. Na ce a buɗe mu yi ma ɗan'uwanmu wanka da sutura, ya ce oda ce daga sama, ba a buɗewa, an yi mashi komi can. To, mu ba mu saba rufe mutum cikin akwati ba. Kai kudu, ƙahwa arewa, huska gabas, haka munka gada. Liman ya tambaya wane gehe ne kai. Ku kuwa ku sani an cire tutar, kuma wajen sauke shi daga mota sai da munka juya akwatin sau biyu don ƙohwar maƙabarta matsattsa ce, gehe da gehe duk iri ɗaya, ba rubutu ba alama. Asumana ko dubawa bai yi ba, ya dahwa gehen da ke kusa da shi ya ce, "Nan ne."

Ni kuwa shekara da shekaru ina lodin buhun albasa, kahwaɗata ta san nauyi. Na ɗauki gawa ba ɗaya ba ba biyu ba, kullum gehen kai ya hi rinjaye. Wanga akwati na kama shi ta nan, na koma na kama ta can, duk ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana sai na ga sojoji shida tsaye da bindigogi, na haɗiye. Da munka koma gida Inna ta kama hannuna ta ce ko mun gyara mashi kwanciya. Na ce mun gyara.

Bayan kamar wata bakwai, lokacin ban ruwan albasa, ina garkarmu cikin hwadama. Rana tsaka, azahar ta yi, maƙwabta duk sun hau gari, ni kaɗai na rage don injina ya yi gardama tun sahe. Ina duƙe ina kwance bujin injin sai na ji an ce, "Yaya, ina gabas?"

Mutum ɗaya ne duniya ke jan "Yaya" haka. Na ɗaga kai. Soja ne tsaye bakin darni, taku goma tsakaninmu, kaki mai launin rairayi irin wanda anka ba waɗanda sunka tahi waje, ba irin na nan ba. Ya ba ni baya. Tsawon na Salisu ne, har ƙaramin tabon da ke ƙeyarshi, wanda ni na yi mashi da lauje muna yara. Kada ku ce tsoro na ji, lokacin ban ji komi ba, haushi ma na ji, don yaron da ya tashi cikin garkar nan, ya yi salla ƙarƙashin bagaruwar nan sau babu iyaka, shi ne zai tambaye ni gabas? Na miƙa hannu wajen dutsi na ce ga ta can.

Ya juya. Na ga ƙahwahunshi sun motsa, na ji takalmin soja ya murza ƙasa, amma da ya tsaya ƙeyarshi nike kallo. Ya sake tambaya, murya a hankali kamar mai jin kunya. Na ce can, wajen dutsi, Salisu. Ya sake juyawa, wanga karo har zagaye guda cikakke, idona a kanshi ban ƙihta ba, kuma billahillazi ko kunci ban gani ba, ko gehen hanci. Duk inda ya juya ƙeya ce. Na runtse ido ina karanta abin da ya zo bakina, da na buɗe ba kowa.

Sawu kam akwai, cikin taɓon hwangali, sawun takalmi mai zurhi. Da la'asar na kira Malam Hamisu maƙwabcina ya duba. Ya daɗe a tsugunne, sannan ya ce in nuna mashi ina ne dunduniya ina ne yatsu. Na kasa, gaba da baya duk iri guda. Ya ɗauki hauya ya shahe su, ya ce kar in kuskura Inna ta ji.

Na tahi wurin liman na ce a tone mu duba. Ya ce ba a tone mamaci don zato, kuma kabarin soja ne, a halin da ake ciki in na taɓa shi jandarmomi za su kwashe mu duka. Ga shi ƙawancen da anka tura shi dominshi ma ya watse, waɗanda anka ce abokanmu ne jiya yau an ce maƙiya ne, an ƙulla wani sabo da wasu, ana ta yi mana waƙarshi a rediyo. Su sun sake abokai. Mu har yanzu ba mu san ina huskar namu ta duba ba, ko ma shi ne a ciki. Don haka ku da ke da ɗa ko ƙane cikin kaki, in Allah Ya kawo ranar, kada ku bari a cire tuta sai kun sa gawayi kun yi alama a gehen kai da hannunku, kuma wanda ya nuna maku ku sa ya rantse.

Bara na ji Asumana ya aje aiki, ya buɗe shagon siminti a Madawa. Ranar kasuwa na shiga mota takanas na same shi zaune cikin kujerar roba, ya yi ƙiba. Ya ce a kawo mani shayi, na ce ban sha. Na hwaɗa mashi komi a tsaye. Na zaci zai yi dariya ko ya ce rana ce ta buge ni. Sai ya ce wannan sirrin soja ne, shi akwati anka ba shi a hilin jirgi, huɗu ne jere, ya ɗauki wanda anka nuna mashi. Sannan ya matso ya rage murya.

"Ka ga huskarshi?"

Na ce ban gani ba. Sai na ji ya saki numhwashi, kahwaɗunshi sunka sauka, kamar wanda anka ɗauke ma kaya. Wannan numhwashin ne har yau ke hana ni sukuni.

Na ce, "Asumana, kai ka dahwa akwati ka ce nan ne. Sau biyu na nuna ma yaron nan gabas bai gane ba, ni tawa ta ƙare. In ya sake zowa ba dutsi zan nuna mashi ba, hanyar Madawa zan nuna mashi, in ce shago na ukku bayan tasha. Kai ka ba shi amsa."