Ranar da Lung Khamphoui Ya Ɗaure Gorarsa

A ƙauyenmu na bakin kogin Mekong, a shekarun da hukuma ke hararar duk wanda ya cika kallon ƙetaren kogi, kowane gida mai talabijin yana da doguwar gora da eriya a kanta. Da rana duk eriyoyin Vientiane, babban birninmu, suke fuskanta, kai ka ce mun fi kowa son jawabi kan noman shinkafa. Rana na faɗuwa sai ka ji ƙiƙ-ƙiƙ gida-gida, ana murza gora zuwa Thailand da ke ƙetaren kogin, inda ake nuna dambe da wasan kwaikwayo. Kafin sufayen haikali su fito karɓar shinkafar safe, kowa ya mayar da tasa. Kowa na yi, amma ba mai faɗa, ko tsakanin wa da ƙani. Mai unguwa Somlith ma yana yi. Ni da nake sayar da taliya a ƙofar gidansa na san ƙarar gorarsa.

Khamphoui mai gyaran keke, wanda yara da manya ke ce wa Lung, wato kawu, bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi sai ya tambaye ka wa ya aiko ka. Famfon iskarsa ma a ƙafar kujera yake ɗaure shi da sarƙa. Haushinsa nake ji, ba zan ɓoye ba, domin ko taliyata sai ya juya ta da cokali yana leƙe kafin ya kai baki. Amma da ba haka yake ba. Tun da 'yarsa Sengmany ta shiga kwalekwale ta ƙetare ba sallama, aka yi ta kiransa ana masa tambayoyi, ya sa a ransa cewa a layinmu akwai mai kai rahotonsa.

Wani mai fataucin gishiri ne ya jefa masa maganar. Ya ce ya ga Sengmany cikin 'yan rawan da ke bayan wata mawaƙiya, a shirin yammacin Asabar na wata tasha da ke can cikin Thailand, wadda gajerun gorunanmu ba sa kamawa.

Khamphoui ya ce, "Ƙarya kake. Wa ya aiko ka?"

Washegari ya sari gora biyu ya haɗa su. Ya samo eriya doguwa mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi, ya jingina gorar da bishiyar kwakwar da ke kan iyakarsa da Pa Bouavanh, wato inna Bouavanh, wata gwauruwar tsohuwa mai ciwon baya. Saitin eriya aikin mutum biyu ne, ɗaya na murzawa a waje, ɗaya na ciki yana cewa ya yi ko bai yi ba. Shi kuwa ba zai kira kowa ba. Sai ya kafa madubin aski a taga, yana murza gora yana leƙen talabijin ta cikinsa. Ya daɗe yana wannan fama kafin hoto ya fito, shi ma dishi-dishi, kamar an watsa tsakin shinkafa a kan gilashi. Tashar kuwa ba ta da haƙuri, ka goce da faɗin yatsa ta ɓace. Shi ya sa da ya kama ta ya ƙi mayar da gorar. Ya ce wa kansa ganyen kwakwa ya rufe ta. Daga bakin kasuwa ma ana hango ta.

Da safe ya tarar eriyar na kallon Vientiane. Ya sake saitawa da yamma, gari ya waye ta koma. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce. Da wani ne, da ya gane taimakonsa ake yi. Shi kuwa Khamphoui gargaɗi ya ɗauke shi, wato ana ce masa an gan shi.

Wata safiya ya same mu a rumfata, Bouavanh na shan romo.

"Pa, gorata ta koyi tafiya," in ji shi. "Kullum sai ta juya da kanta."

"Gora mai hankali ke nan, ta fi mai ita," ta ce.

"Sawun da ke gindinta ƙarami ne. Kuma mai shi yana jan ƙafar hagu."

"Lung, rabin tsofaffin garin nan suna jan ƙafa."

"Me Somlith ke ba ki? Gwangwanin madara?"

Ta ajiye cokali ta dube shi. Na ga bakinta ya motsa, amma rumfar cike take da mutane, kuma faɗin gaskiyar yana nufin ta ce a fili ga inda eriyarsa ke kwana. Sai ta share baki ta tashi. Ni ma na sani, ni ma ban ce komai ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da mu duka.

Ran nan da yamma ya saita tasharsa, ya naɗe gorar da waya mai ƙaya, ya buga ƙusoshi har cikin jikin kwakwar. Ya zauna a ƙofa yana murmushi, abin da muka daɗe ba mu gani ba.

Da asuba ina hura wuta na hango Bouavanh a gindin kwakwar tana ja tana nishi. Gora ko gezau. Ta zo wurina tafinta na jini, na ɗaure mata da tsumma. Kuma a ranar ce wani jami'i ya zo daga gunduma don taron manoma. Somlith ya yi iya ƙoƙarinsa, ya yi ta nuna masa rumbuna da magudanar ruwa, duk abin da ke ƙasa. Amma mutumin ya ɗaga kai. Eriya mafi tsayi a gari, a gidan da 'ya ta gudu, tana nuna ƙetare da rana tsaka.

Aka ɗauke talabijin ɗin. Aka ce Khamphoui ya haɗa kayansa, zai je karatun gyaran tunani a sansanin hukuma. Yana fitowa da jakarsa ya ga Bouavanh, ya nuna ta da baki.

"Kin huta."

Ta ɗaga masa hannun da ke ɗaure. "Na huta kam. Kullum kafin zakara ya yi cara ina gindin kwakwar nan da wannan bayan nawa, ina gyara maka sakarcinka. Yau ka hana ni. Je ka, Lung, zan ba kajinka ruwa."

Ya daɗe yana kallon tsumman.

Bayan girbi ya dawo, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Bai nemi gafarar kowa ba, ba halinsa ba ne. Kawai ya cire ƙusoshin, ya saɓi gorar ya kai bayan ɗakin Bouavanh, inda mangwaro ke rufe ta da gaske, ya haɗa ta da talabijin ɗin tsohuwar. Duk Asabar da yamma yana waje yana murzawa, ita tana ciki tana cewa, "Kaɗan dai... koma... tsaya nan, kurma." Da asuba kuwa shi ne farkon mai mayarwa a duk layin.

Nakan je kallo wani lokaci. 'Yan rawan na fitowa cikin tsakin nan, ba ka bambance hanci da ido. Sai ya matsa har numfashinsa na taɓa gilashi, ya ɗora yatsa a kan ta gefen hagu.

"Ga ta nan. Kun ga yadda take ɗaga kafaɗa? Na uwarta ne."

Wata rana muna wanke kwanuka Bouavanh ta raɗa mini cewa yarinyar gefen hagu ba ɗaya ba ce, wani makon doguwa, wani makon gajera. Na ce mata na lura. Mutumin da ke shinshina gaisuwa, wannan abu ɗaya bai taɓa tuhumarsa ba, mu kuma muka bar shi da shi har ya rasu.