Sunan da Babu a Kaset

A shekarun da kuɗin mai ya fara yawo, gwamnati ta shiga neman muryoyin mata a rediyo, ni kuma daga Kazaure na faɗa cikin waɗanda aka ɗauka kwas a Kano. Kafin in tafi babu gidan da ban shiga na ce su shirya jin muryata ba. Baki ne da ni tun ina ƙarama, shi yake ja mini.

Littafin da ake koyar da mu daga Ingila aka zo da shi, misalansa duk na gobarar masana'anta ne da jirgin ƙasan da ƙanƙara ta tare. Malaminmu, wani dogo mai sa kwat ko ana zafi, a can ya yi karatu, kuma ya riƙe littafin nan tamkar wasiyya. Dokarsa ita ce ban da doguwar gaisuwa, kuma duk wanda aka ambata a hira sai an ji sunansa daga bakin mai magana. Kaset ɗin da babu suna sifiri ne. Wanda ya ci sifiri a jarrabawar ƙarshe kuwa sai ya tattara ya koma gida, ni kuma da wane ido zan kalli mutanen unguwarmu?

Jarrabawata hira ce a kan allurar ƙyanda. Na rataya rikoda na nufi wata ruga bayan Gwiwa, wurin wata dattijuwa da gwaggota ta yi mini hanya. Gaisuwa kaɗai ta ci kaset ba kaɗan ba: gida, shanu, damina, gajiyar hanya. Sannan ta soma ba ni labarin ɗanta na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke tun kafin allura ta iso wajensu. Shi ya sa yanzu da kanta take jan jikokinta zuwa layin allura. "Wancan na farkon" take ce masa.

Na ce, "Inna, yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai, ta hau gyara faifan da ke kan ƙwaryar nono. Na san dalili sarai. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko a gidanmu haka ake wa yayana. Amma tsoron sifiri ya sa na sake tambaya.

Ta ce, "'Yata, yana raye ma ban faɗa ba."

Na kashe rikoda. A motar komawa haushi kamar ya kashe ni, na littafin, na malamin, har na bakina da ya cika gari da alkawari.

Ranar sauraro aka kunna kaset ɗina a gaban aji. Malam ya ɓata rai tun daga gaisuwa. Da aka zo ƙarshe ya ce, "Ina sunan yaron?"

Na ce, "Malam, ɗan fari ne." Na riga na tanadi maganganu masu zafi, tunda dai korata za a yi.

Bai ba ni damar amfani da su ba. Ya mai da kaset baya, ya sake jin amsar dattijuwar, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ya ce, "A Roni aka haife ni. Ni ma ɗan fari ne. Har tsohuwa ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba." Ya mai da tabarau. "Kin ci. A sa hirar yadda take, kada a yanke gaisuwar."

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba, ina ta hamdala a zuci. Littafin bai canja ba, da shi aka koyar da na bayanmu. Amma an ce duk sa'ad da malam ya iso babin suna, sai ya rufe shi, ya kunna musu muryar Inna.